Yadda baƙo zai zaga shagunan gahawa na Adis Ababa

Jiragen Ethiopian Airlines na tashi daga Kano, Abuja, Legas, Yamai da Akara, kuma duk wanda ya hau, a Adis Ababa zai sauka. Yawancin mutanenmu ba sa wuce filin jirgin Bole. Zama suke su jira jirgin Jidda ko Dubai ko Sin, su yi gaba. Wanda Allah ya hore masa kwana biyu ko uku ya shiga cikin gari, shawarata ita ce ya ware su domin gahawa. A dazukan kudu maso yammacin Habasha itacen gahawar arabika, ɗaya daga manyan nau'o'in gahawa biyu, ya samo asali, ƙasar ce ta fi kowace noman gahawa a Afirka, kuma kusan rabin abin da take nomawa 'yan ƙasar ne ke shanye abinsu.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne tsari. Gahawar Adis Ababa hawa uku ce: ta tukunyar ƙasa da mata ke dafawa a bakin titi, ta injin Italiya da ake sha a tsaye, sai ta sababbin shagunan da ke auna komai da sikeli. Idan ka faɗa wa ta ukun kai tsaye, za ka biya kuɗi mai yawa a kan abin da harshenka bai shirya masa ba, ka fito kana cewa ruwa-ruwa ce, ga tsami. Daga ƙasa ake farawa.

Mataki na farko: shirin da za ka yi tun daga gida

Ka nemi biza kafin ka tashi, ta shafin gwamnatin Habasha na intanet ko a ofishin jakadancinsu, kada ka dogara da cewa za a buga maka a filin jirgi. Ka haɗa da katin rigakafin shawara. Ka ɗauki rigar sanyi ko da a watan Afrilu ka bar Kano, domin birnin na kan tudu mai tsayin mita 2,355 daga teku, safiya da dare akwai sanyi, daga Yuni zuwa Satumba kuwa damina ce mai ƙarfi. Wannan tsayin zai sa ka yi haki a ɗan hawan bene a ranar farko. Ba ciwo ba ne, iskar ce ba ta da kauri, amma dalili ne na kada ka ɗura wa cikinka gahawa da yawa a ranar da ka sauka.

Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, sannan suna da nasu lissafin lokaci da ke farawa daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe a wurinka, ƙarfe 1 ne a wurinsu. Idan mai shago ya ce yana buɗewa ƙarfe 2, yana iya nufin 8 na safe, saboda haka ka tambaya ko da agogon Habasha yake magana. Kuɗinsu bir ne. Tun da gwamnati ta saki darajarsa a Yulin 2024 farashi ke motsi, shi ya sa ba zan ɗaure ka da wani adadi ba. Ka canza kuɗi a banki, ka riƙe ƙananan takardu, domin mai dafa gahawa a bakin titi ba ta da na'urar karɓar kati. Ka sauke manhajar Ride ko Feres a wayarka don kiran tasi, sun fi tsayawa ciniki a titi sauƙi ga wanda ba ya jin harshen Amhara.

Mataki na biyu: san abin da kake nema

A kasuwar duniya, gahawa ta musamman tana da ma'auni. Ƙwararrun masu ɗanɗano ne ke ba ta maki bisa 100, suna duba ƙanshi, zaƙi, tsami, kauri a baki, da rashin aibi a ƙwaya. Wadda ta samu 80 ko fiye ita ce ta shiga wannan sahun. Habasha tana da nata matakan daraja da ake rubutawa a buhu, mataki na 1 shi ne kan gaba, sai na 2, har zuwa ƙasa.

Akwai wani abu da baƙi da yawa ba su sani ba. Gahawa ce babbar hanyar da Habasha ke samun kuɗin waje, don haka doka ta daɗe da tanadar cewa wadda ta kai darajar fitarwa, waje za ta tafi. Abin da ya rage, wanda aka tsince aka ware, shi ke shiga kasuwar cikin gida. Ke nan mai yiwuwa ne mutum a Tokiyo ko Landan ya sha gahawar yankin Yirgacefe mafi kyau fiye da wanda ke zaune a Adis Ababa. A 2008 aka kafa kasuwar hada-hadar amfanin gona ta ECX, inda ake gwamutsa gahawar yanki guda a sayar, har sawun gonar da ta fito ya ɓace. Gyaran dokar 2017 ne ya buɗe wa manoma da masu wuraren wanke ƙwayar gahawa ƙofar sayarwa kai tsaye. Shagunan da za ka nema a mataki na biyar galibinsu na kamfanonin da ke fitar da gahawa ne, shi ya sa ƙwaya mai kyau ke kai wa hannunsu. Wannan ne ya sa tambayar "daga ina ƙwayar nan ta fito" take da nauyi a garin.

Mataki na uku: fara da jabana

Da safe bayan ka karya, ka fita da ƙafa a unguwar da ka sauka. Ba za ka yi nisa ba za ka ji ƙanshin lubban gauraye da na suya. Ka bi shi. Za ka tarar da mace zaune a 'yar kujera, an baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, gabanta ɗan teburi jere da ƙananan finjalai marasa mariƙi da suke kira sini, gefe kuma baƙar tukunyar yumɓu mai dogon wuya a kan gawayi. Ita ce jabana. Hausawan Sudan sun san ta sarai, sai dai a can citta ake sakawa. Ka yi sallama da "salam", ka samu kujera ka zauna, ka ce "and buna", wato gahawa ɗaya.

Kada ka zaɓi wadda ke zubawa daga fulas. Ka nemi wadda ke soyawa a gabanka, ko da za ka jira. Ka kalli aikin da kyau, domin duk abin da za a yi maka bayani a manyan shaguna, a nan za ka fara ganinsa da ido. Za ta wanke ɗanyar ƙwayar, mai launin kore-kore, ta zuba a ɗan faranti na ƙarfe a kan wuta, tana juyawa ba tsayawa. Launin zai koma ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, sai ka ji ƙwayar ta fara ƙara ƙas-ƙas tana fashewa. Ita ba ta tsayawa a nan, sai ta yi baƙi tana ƙyallin mai. Daga nan za ta zagayo da farantin yana hayaƙi ta miƙo wa kowa. Ka sa hannu ka jawo hayaƙin zuwa fuskarka ka shaƙa, haka ake yi, kuma girmamawa ce ga aikinta. Sai ta daka a ɗan turmi, ta zuba garin a jabana, ya tafaso, ta sauke ta jingine tukunyar a karkace don garin ya kwanta. Zubawar ma abin kallo ce: daga sama take sako shi siriri, tana bin finjalan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta katse ba.

Tun kafin ta zuba ka ce "yale sikwar", ba sukari, domin al'adarsu a fara sa sukari a finjali. Ka kurɓi biyu haka nan, sannan ka sa sukarin idan kana so. Za ka ji ɗaci, da ƙaurin hayaƙi, da nauyi a harshe. Ka riƙe wannan ɗanɗanon a ranka, shi ne ma'aunin da za ka gwada sauran da shi. Idan ta miƙo maka wani ɗan ganye, tena adam ne, ana tsoma shi a ɗan juya a cire. Ka gwada a finjali na biyu, ba na farko ba, don ƙanshinsa yana danne komai. Sau da yawa akan haɗa da gugguru ko soyayyen sha'ir da suke kira kolo.

A gida, idan aka gayyace ka, abin ya fi haka tsawo. Zagaye uku ake yi da gari ɗaya ana ƙara ruwa: abol, tona, sai baraka. Yakan ci awa ɗaya ko fiye, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Idan wanda ka sani ne ya gayyace ka, abokin kasuwanci ko na karatu, ka ajiye duk wani shago ka je. Amma idan wani saurayi ne ya tare ka a titi da Turanci mai daɗi, ya ce yau ana wani bikin gahawa na ɗalibai, ka yi godiya ka wuce. Tsohuwar damfara ce da aka sani a garin, ƙarshenta takardar kuɗi mai nauyi a ɗakin da ba ka san hanyar fita ba.

Mataki na huɗu: makiyato a Fiyasa

Italiya ta mamaye Habasha daga 1936 zuwa 1941. Ba ta daɗe ba, amma injin esfireso, mai matso gahawa da ƙarfin ruwan zafi, ya samu wurin zama, kuma 'yan Adis Ababa suka mayar da makiyato nasu: gahawa mai ƙarfi a ɗan kofin gilashi, da madara mai kumfa a kai, ka ga launi hawa-hawa. Inda ya kamata ka sha shi shi ne tsohon shagon Tomoca a unguwar Fiyasa, wanda aka buɗe a 1953. Yana da rassa a wasu unguwanni, masu kujeru da sarari, amma na asalin nake nufi. Ɗan ƙaramin wuri ne, a tsaye ake sha a jikin dogayen tebura. Wurin mai karɓar kuɗi za ka fara zuwa ka biya, a ba ka shaida, ka miƙa wa masu injin. Ka ce "tikur makiyato" idan kana son wanda gahawarsa ta rinjayi madara. Minti goma ya ishe ka. Mokarar, wanda wasu ke kira shagon Harar, shi ma tsohon wuri ne a wannan ɓangaren gari, idan kana da sauran wuri a cikinka.

An rushe gine-gine da yawa a Fiyasa a 2024 saboda aikin faɗaɗa tituna, taswirar waya ba koyaushe take daidai ba, don haka ka tambayi direba ko ma'aikacin masaukinka. Ka kuma sa wayarka a aljihun gaba.

Ranar Laraba da Juma'a, da kwanaki 55 na babban azuminsu kafin Ista, Kiristocin Otodoks ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba. Shaguna da yawa na yin makiyaton azumi da madarar waken suya ko makamanciyarta. Wanda madarar shanu ke ɓata wa ciki ya samu mafita. Shagon gahawa na Kaldi's kuwa, wanda Tseday Asrat ta kafa a 2004, za ka gan shi ko'ina da korayen alamominsa. Wurin zama ne mai kyau idan kana da wanda za ka gana da shi, amma ba shi ne abin da ya kawo ka ba.

Mataki na biyar: shagunan gahawa ta musamman

Wannan a rana ta biyu, da safe, lokacin da harshe ke da kaifi. Kada ka ci yaji ko ka tauna goro kafin ka fita, kuma ka rage turare a jikinka, domin rabin ɗanɗano ta hanci yake shiga. Shago biyu a yini ya isa, uku shi ne iyaka. Ka haɗa na unguwa ɗaya a tafiya ɗaya, saboda cunkoson motoci yana cin lokaci.

Ga wuraren da zan fara tura baƙo. Galani, a gabashin birnin, na kamfanin Moplaco ne, wanda Yanni Georgalis ya kafa a Dire Dawa, 'yarsa Heleanna ke riƙe da shi yanzu. Wuri ne mai faɗi, akwai zane-zane a bango, kuma a nan za ka fi samun wanda zai zauna ya yi maka bayanin ƙwaya. Garden of Coffee na Bethlehem Tilahun Alemu ne, matar da ta kafa kamfanin takalma na soleRebels. Abin da ya bambanta shi, da hannu ake soya maka ƙwayar da ka zaɓa, gwargwadon suyar da ka ce, kana kallo. Dukamo na iyalin da ke da kamfanin Daye Bensa ne, masu gonaki da wuraren wanki a Bensa ta yankin Sidama, ke nan ƙwayar tasu ce tun daga tushe. Shaguna na buɗewa suna ƙaura, saboda haka mafi amfani a gare ka shi ne ka iya gane na kirki da kanka.

Da ka shiga, ka duba abu uku. Shin akwai injin niƙa a kan kanta, ana niƙa wa kowane kofi nasa a lokacin da aka nema? Shin akwai sikeli da buta mai siririn baki? Shin jakunkunan da ke kan shiryayye na ɗauke da sunan yanki da ranar suya? Idan babu ko ɗaya, kayan ado ne kawai, ka sha shayi ka fita. Kujeru masu laushi da fitilu ba sa gyara tsohuwar ƙwaya.

Sai ka je wurin mai haɗawa. Yawancinsu matasa ne masu jin Turanci, kuma suna jin daɗin wanda ya tambaya. Ka tambaye shi wace ƙwaya ce yake da ita yau, daga wane yanki, wankakkiya ce ko busasshiya, yaushe aka soya ta. Wanda ya san aikinsa ba zai tsaya a "Sidama" ba, zai ambaci gunduma ko wurin wankin. Idan ya ɗauko jakar ya buɗe maka ka shinshina, ka zo inda ya dace.

Wankakkiya da busasshiya su ne mabuɗin komai, don haka bari in tsaya a kansu. Gahawa ɗan itace ne ja, ƙwaya biyu a cikinsa. A hanyar wanki, ana ɓare bawon a ranar da aka tsinko, a jiƙa ƙwayar a kwarmin ruwa kwana ɗaya zuwa uku har yauƙin jikinta ya saki, a wanke, a shanya a kan gadaje masu raga. Abin da ke fitowa tsaf yake, mara nauyi, da ƙanshin fure da ɗan tsamin lemo. A hanyar busarwa kuwa, da bawonsa ake shanya ɗan itacen sukutum, mako biyu zuwa huɗu ana juyawa, zaƙin naman ya ratsa ƙwayar. Wannan ta fi kauri, ta fi zaƙi, tana ƙanshin nunannen ɗan itace. Ita ce tsohuwar hanya, kuma ita ake bi a Harar inda ruwa ya yi ƙaranci.

To ga abin da za ka yi oda: kofi biyu na tatacciyar gahawa, ɗaya wankakkiya, ɗaya busasshiya, ba madara, ba sukari, da kofin ruwa. Idan kuna biyu, ku raba. Za a haɗa ta a V60 ko Chemex, wato mazurari da takardar tacewa. Ka kalli hannun mai haɗawar: zai auna kamar giram 15 na gari ga ruwa giram 250, ya fara ɗiga ruwa kaɗan garin ya kumbura yana kumfa, ya jira rabin minti, sannan ya ci gaba da zubawa a zagaye. Duka bai wuce minti uku zuwa huɗu ba. Wannan kumfar alama ce ta sabuwar suya, tsohon gari ba ya tashi. A tsayin Adis Ababa ruwa na tafasa ne a wajen digiri 92, wanda ya yi daidai da zafin da ake so, shi ya sa za ka ga wasu na zubawa kai tsaye daga wuta.

Kada ka sha da zafinta. Ka fara shinshinawa, ka jira minti biyu, ka kurɓi kaɗan ka bar shi ya zaga bakin. Ka sha ruwa, ka koma ɗayan kofin. Ka yi ta kai-kawo har su huce, domin gahawa mai kyau tana ƙara buɗewa ne idan ta yi ɗumi, mara kyau kuwa a nan asirinta ke tonuwa. Launinta zai yi maka kama da shayi, kuma tsamin zai ba ka mamaki idan Nescafé ɗin mai shayi ka saba da shi, wanda galibi daga nau'in robusta ake yinsa, mai ɗaci da yawan kafeyin, sinadarin da ke hana barci. Tsamin nan ba lalacewa ba ne. Suyar ce aka tsayar da wuri, jim kaɗan bayan wannan ƙarar fashewar da ka ji a wurin mai jabana, don kada wuta ta cinye halin ƙwayar.

A jikin jaka za ka ga an rubuta sunayen 'ya'yan itatuwan Turai da wataƙila ba ka taɓa sa wa a baki ba. Kada wannan ya sa ka ji kamar ba ka iya ba. Ka nemi sunan abin da ka ji a cikin abin da ka sani: tsamiya ce, zoɓo ne, zaƙin dabino ne, ko goriba? Ka rubuta a waya tare da sunan yankin. Bayan kofi biyar ko shida za ka ga inda zuciyarka ta karkata, kuma wannan ya fi duk makin da wani ya bayar amfani a gare ka.

Kafin ka fita ka tambaya ko suna da ranar ɗanɗanon gwaji da baƙo zai iya shiga. A nan ake jera kwanuka, a zuba ruwan zafi kan gari, a jira minti huɗu, a fasa ɓawon da ya taso da cokali, sannan a riƙa zuƙa da ƙarfi ana tofarwa. Da haka ake yanke wa buhunan manomi farashi, kuma awa ɗaya a wurin ta fi mako guda na yawon shaguna koyarwa.

Mataki na shida: karanta sunayen yankuna

Yirgacefe gunduma ce a yankin Gediyo a kudu, ta yi suna da wankakkiya mai ƙanshin fure. Sidama maƙwabciyarta ce, ta fi faɗi, ɗanɗanonta iri-iri ne. Guji na cikin jihar Oromiya, a da a ƙarƙashin sunan Sidamo, tsohon sunan kasuwa na gahawar Sidama, ake sayar da ita kafin ta tsaya da ƙafarta. Harar a gabas take, busasshiya, mai nauyi. Limu, Jimma da Kafa a yamma suke, inda har yanzu akwai gahawar da ke fitowa a inuwar daji. Daga dajin Gesha na wannan ɓangaren aka ɗebi irin da ya je ya yi suna a Panama. Idan ka ga lamba kamar 74110 ko 74158 a jaka, sunan iri ne da cibiyar binciken noma ta Jimma ta zaɓo a 1974 saboda jure cuta.

Sunayen nan dukiya ce. A 2006 da 2007 sai da gwamnatin Habasha ta yi ja-in-ja da Starbucks, kamfanin shagunan gahawa na Amurka, kan haƙƙin mallakar sunayen Sidamo, Harar da Yirgacefe kafin su daidaita. A 2020 aka fara gasar zaɓen gahawa mafi kyau ta Cup of Excellence a ƙasar, wani manomi daga Sidama, Nigussie Gemeda, ya zo na ɗaya, aka sayi gahawarsa sama da dala 185 kowane fam na nauyi (kusan rabin kilo) a gwanjo. Mafi yawan masu noman nan ƙananan manoma ne da gonarsu ba ta kai hekta ɗaya ko biyu ba, kuma mata ne ke zama yini guda suna tsince ƙwaya da hannu. Shi ya sa nake ganin ya dace a fifita shagon da ke iya faɗin inda ya sayo, ko da ya fi tsada kaɗan.

Mataki na bakwai: kula da jikinka da lokacinka

Hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun sa iyakar kafeyin ga baligi mai lafiya a miligiram 400 a yini, kamar matsakaitan kofi huɗu, mai juna biyu kuma rabin haka. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tuntuɓi likitansa tun kafin tafiya. Ka daina sha bayan la'asar idan kana son barci, ka yawaita ruwa, kuma ba dole ne ka shanye kowane kofi ba. Idan Juma'a ta same ka a gari, masallacin Anwar yana cikin Markato, babbar kasuwar birnin, kuma a kewayensa akwai gidajen abincin Musulmi. Mahautan garin sun rabu, na Kirista da alamar gicciye, na Musulmi da jinjirin wata, ka duba kafin ka ci nama. A cikin Markato za ka ga ɗanyar gahawa a buhuna da jabana iri-iri, amma ka je da ɗan gari, cunkoson wurin ba na baƙo shi kaɗai ba ne.

Mataki na takwas: tsarabar da za ka dawo da ita

Ka bar sayayya sai ranar ƙarshe, bayan ka san abin da kake so. Ƙwaya za ka saya, ba gari ba, domin gari yana rasa ƙanshinsa cikin 'yan kwanaki. Ka duba ranar suya, kada ta wuce mako biyu, ka kuma tambayi kakar da aka girbe ta. Ana girbi daga Oktoba zuwa Janairu, sabuwar ƙwaya na shigowa 'yan watanni bayan nan. Ƙananan jakunkuna na giram 250 daga yankuna daban-daban sun fi kilo guda na iri ɗaya, kuma ka zaɓi jaka mai ɗan maɓallin fitar da iska. Akwai ƙa'ida kan yawan gahawar da matafiyi zai fita da ita, ɗanyar ƙwaya kuma ta fi soyayya tsanani, don haka ka tambayi mai shagon da kamfanin jirgi, ka adana rasit. A filin jirgi ma ana sayarwa, amma da tsada, kuma ba kasafai ake samun ranar suya a jiki ba. Idan ka sayi jabana, ka naɗe ta da tufafi ka riƙe a jakar hannu, wuyanta ne ke fara karyewa.

A gida, zafi da haske da iska ne abokan gabarta. Ka matse iskar jakar, ka rufe, ka sa a wuri mai duhu nesa da murhu da kayan yaji da turaren wuta, domin tana zuƙar duk warin da ke kusa. Wadda ba za ka buɗe ba cikin wata guda, ka ɗaure ta sosai ka sa a firiza, amma kada ka riƙa fitarwa kana mayarwa. Idan ba ka da injin niƙa, ƙaramin turmi ya wadatar, muddin ba a taɓa daka barkono ko daddawa a ciki ba. Sabuwar jabana kuma ba a fara sha daga gare ta kai tsaye: ka tafasa ruwa da garin gahawa a ciki sau biyu ko uku ka zubar, har warin yumɓu ya fita. Bayan nan ka zuba ruwa ya yi zafi, ka sa babban cokali ɗaya na gari ga kowane finjali biyu, ka sauke da zarar ya taso wuya, ka jingine ta minti uku zuwa biyar kafin ka zuba.